Lebul ko Raga: Wanne Za Ka Gaskata Idan Hoto Ya Karkace?

Mai kallon hoto yakan yafe duhu kaɗan, yakan yafe launin da bai fita sosai ba, amma da wuya ya yafe karkata. Ko bai san sunan matsalar ba, zai ji kamar mutanen da ke cikin hoton za su gangaro. Kuma ba sai karkatar ta yi yawa ba. Hoton da aka wanke aka sa a firem mai faɗin santimita 60, idan ya karkace da digiri 1 kacal, gefe ɗaya zai ɗara ɗayan da fiye da santimita 1. Idan digiri 2 ne, bambancin ya haura santimita 2, kuma ga katakon firem ɗin nan miƙe sambal yana tona asiri a bangon falo.

Kyamarori da wayoyin yanzu suna zuwa da kayan aiki biyu na magance wannan. Na farko shi ne lebul, ma'aunin daidaito irin na magina, sai dai wannan na lantarki ne, yana fitowa kamar layi a fuskar na'urar. Na biyu shi ne raga, wato siraran layukan da ke gittawa tsaye da kwance a kan abin da kake gani kafin ka ɗauka. Mutane da yawa suna ɗauka aikinsu ɗaya. Ba ɗaya ba ne. Lebul ƙasa yake tambaya: ina ne ƙasa, ina ne sama? Raga kuwa abin da ke gabanka take tambaya: layukansa sun bi gefunan hotona ko ba su bi ba? A gari irin Zariya, inda ginin siminti ke kafaɗa da kafaɗa da ginin ƙasa, amsoshin biyu sukan saɓa, kuma a nan gwaninta take.

Karkata iri uku ce

Akwai kwanciya gefe, inda hannun dama ya fi na hagu sauka ko akasin haka. Ita kowa ya sani. Sababinta sau da yawa yatsa ne: maɓallin ɗauka yana dama, kana dannawa da ƙarfi sai gefen dama ya ɗan nutse, a hoton kuma sai a ga mutane sun jingina hagu. Wani sababin shi ne kai. Mai leƙa tagar kyamara yakan langaɓar da kansa ba tare da ya sani ba, kyamarar ta bi kan, ƙwaƙwalwa kuma ta gyara masa abin da yake gani a lokacin, sai daga baya ya ga ɓarnar.

Akwai ɗaga kai ko sunkuyawa. Ka tsaya kusa da ginin Sanet na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ka ɗaga waya don saman ginin ya shiga. A hoton za ka ga ginin ya tsuke ta sama, kamar zai faɗi baya. Idan kuma ka sunkuyar da kyamara kan mutanen da ke tsaye, kawuna su yi girma, ƙafafu su tsuke.

Ta uku ita ce tsayuwa a kaikaice. Kyamararka ba ta kwanta ba, ba ta ɗaga kai ba, amma ba ka fuskanci bangon gaba da gaba ba. Sai layin saman ƙofa da na ƙasanta su riƙa kusantar juna ta ɓangaren da ya fi nisa da kai.

Lebul yana aiki ne da wata 'yar na'ura mai jin ƙarfin jan ƙasa, irin wadda ke juya fuskar waya idan ka kwantar da ita. Don haka yana kama karkata ta farko, yana kama ta biyu idan mai auna ɓangare biyu ne, amma ta uku ba ruwansa da ita. Jan ƙasa bai san ko gabas ka fuskanta ko arewa ba. Lebul zai yi kore shar, alamar an daidaita, hoton allon makaranta kuma ya fito kamar an ja shi ta gefe ɗaya. Wannan aikin raga ne: ka dubi layin kwance na sama da na ƙasa, ka ga ko saman allon da ƙasansa duka sun bi su. Idan ƙasan ya bi amma saman ya kauce, kada ka murɗa kyamara. Ƙafarka za ka matsar, hagu ko dama, har ka zo tsakiyar abin ka fuskance shi.

Inda ake kunna su

A iPhone, ana shiga saitin waya ne, ba cikin kyamarar ba, a nemi sashen kyamara, a kunna Grid, wato raga. Tun daga iOS 17 na shekarar 2023 akwai Level a ƙarƙashinsa. Idan ka kusa daidai sai wani farin layi mai tsinke-tsinke ya bayyana a tsakiya, da ka daidaita ya haɗe ya zama ruwan ɗorawa, wayar ta ɗan motsa a hannunka. A Samsung, Tecno, Infinix da sauran wayoyin Android, saitin yana cikin manhajar kyamara, a alamar nan mai kama da ƙafar inji. Raga kusan kowace tana da ita, lebul kuwa ya danganta da samfuri.

A kyamarar Canon ana danna maɓallin INFO a kai a kai har lebul ya fito, a Sony maɓallin DISP, Nikon kuma sunan da ta ba shi Virtual horizon. Sai dai a lura, ƙananan kyamarorin da masu ɗaukar biki suka fi farawa da su, irin Canon 2000D da 4000D ko Nikon D3500, ba su da lebul na ciki. Mai irin waɗannan ya kunna raga a sikirin na baya, ko ya sayi ɗan ƙaramin lebul mai ƙwayar iska da ake zurawa a mazaunin filasha. Wasu kuma, kamar Canon 60D, kwanciya gefe kawai nasu ke aunawa. Ka gwada: ɗaga kan kyamarar sama, idan babu abin da ya motsa a alamar, naka mai ɓangare ɗaya ne.

Zaɓen raga ma yana da magana. Wadda aka fi sani ita ce mai gida tara, layi biyu tsaye biyu kwance. Don tsara hoto aka yi ta, wato inda za a ajiye fuska ko sararin sama. Wajen daidaita hoto tana da naƙasu ɗaya babba: ba ta da layi a tsakiya. Mai gida huɗu-huɗu, ko shida da huɗu irin ta Canon, tana da layin tsakiya a tsaye da kwance, kuma waɗannan biyun su ne masu faɗin gaskiya.

Dalili kuwa shi ne, da zarar kyamara ta ɗaga kai ko ta sunkuya, duk layukan tsaye da ke gefe sai sun karkace, idan ɗaga kai ta yi na hagu ya jingina dama, na dama ya jingina hagu, idan sunkuyawa ce kuma akasin haka. Wanda ke tsakiya ne kaɗai ke zama a tsayensa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kama kusurwar gini ta can gefen hoto a daidaita ta da layin raga, alhali kyamara ta ɗaga kai. Wannan kusurwa za ta miƙe, sauran hoton kaf ya kwanta. Layin kwance na tsakiya shi ma yana da amfaninsa ga wanda ba shi da lebul mai ɓangare biyu: idan kyamara ba ta ɗaga kai ba, duk abin da tsayinsa daga ƙasa ya yi daidai da na lensinka zai faɗo kan wannan layi. Kana riƙe da ita daidai idonka, ga mutum mai tsayinka a tsaye a fili ɗaya da kai, to idonsa ya kamata ya zauna a layin tsakiya.

Lokacin da bango ke ƙarya

Raga ba ta da amfani sai an sami abin dogaro a cikin hoton, kuma a cikin birnin Zariya abin dogaron yana da wuyar samu. Katangar ƙasa ta gargajiya da gangan ake yinta da kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama, don ta ɗauki nauyin kanta. Gefenta ba a tsaye yake ba, kuma ba kuskuren magini ba ne. Zankwaye suna da nasu lanƙwasa. Saman katanga damina ta ci shi, yaɓen bana ya ɗora kan na bara. Ragowar ganuwa ba a ma maganarta. A tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, lanƙwasassun ginshiƙan nan da ake kira bakan gizo ne ke riƙe da rufin, ido bai da miƙaƙƙen layin da zai kama. Duk wanda ya tilasta wa gefen soro bin layin raga, ya karkatar da ƙofa, da mutumin da ke zaune a dakali, da komai. A irin wannan wuri lebul za a bi, a bar ginin ya fito da siffarsa.

Turakun wutar lantarki ma ba abin yarda ba ne, da yawa sun jingina. Haka itatuwa. Dutsen Kufena da gonakin da ke kewaye da shi ba su da shimfiɗaɗɗen layi, kuma da hunturu hazo kan shafe inda ƙasa ta haɗu da sama gaba ɗaya. A bakin dam ɗin jami'a, ruwa dai kwance yake daidai, amma gaɓar da ke tsallake tana iya tahowa kusa ta gefe ɗaya ta yi nisa ta ɗayan, sai ta zama kamar ta karkace alhali ba ta karkace ba. Abin dubawa a nan shi ne inuwar da ke cikin ruwa: ƙololuwar bishiya da ƙololuwar hotonta a ruwa dole su hau layin tsaye guda.

Abubuwan da za a iya dogara da su ba su da yawa: duk abin da ke rataye yana lilo har ya tsaya, kamar igiya ko fitila, sai kusurwar ginin bulo mai kyau idan tana tsakiyar hoto, sai firem ɗin ƙofar ƙarfe.

Akwai kuma inda ake juya maganar, a bi raga a ƙyale lebul. Hoton allo, ko zanen da aka rataye a bango, ko tagar da magini ya sa a ɗan karkace, idan ita ce ta cika hoton kuma babu wani abu a gefenta, mai kallo da gefen hoto zai auna ta. Nan sai a daidaita ta da raga, ko lebul ya yi ja.

Lokacin da lebul ke ƙarya

Na'urar da ke jin jan ƙasa tana jin kowane irin motsi, ba ta iya rarrabewa. Kana cikin mota ko Keke Napep, direba ya sha kwana, lebul zai nuna karkatar da babu ita. Haka idan kana bin doki da kyamara ranar hawan sallah, kana juyawa da sauri: alamar tana tsalle, tana kuma makara. A lokacin ka manta da ita. Ka daidaita tsayuwarka tun dawakai ba su taso ba, ƙafafu a buɗe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, ka sa layin raga na ƙasa ya bi layin ƙafafun 'yan kallo na tsallaken fili.

Ko a tsaye cak, lebul ba ma'aunin zinare ba ne. Littafin bayanin kyamarorin Canon da kansa yana gargaɗin cewa za a iya samun kuskuren kusan digiri 1 ko alamar ta nuna daidai. Kuma na'ura takan goce bayan faɗuwa. Gwajin ba ya cin minti biyar. A ɗaura kwaɗon ƙofa ko dutse a zare, a rataye a ƙusa inda babu iska, a bari ya daina lilo. A tsaya nesa da shi kamar mita 3, a sa zaren a tsakiyar hoto, a daidaita lebul har ya yi kore, a ɗauka sau biyar. Idan a duka biyar ɗin zaren ya jingina gefe guda, laifin na'urar ne. Idan wani ya jingina hagu wani dama, hannunka ne. Kyamarorin Olympus da Panasonic suna da wurin sake saita lebul a cikin menu. Wadda ba ta da shi, sai mai ita ya san halinta, ya riƙa ƙara mata ɗan abin da ta rage.

Kuma kore kafin ɗauka ba ya nufin kore lokacin ɗauka. Tsakanin kallon lebul da danna maɓalli ne yawancin karkata ke shiga. Maɓallin kyamara hawa biyu ne: a danna rabi a tsaya, a sake duba layin, sannan a ƙarasa da tsokar yatsa, ba da dukan hannu ba. Hannun hagu yana ƙarƙashin lensi yana ɗauke da nauyin. A waya, sa lokaci na daƙiƙa 3 ya fi dungurar sikirin da babban yatsa.

Dogon gini, da kayan da aka shimfiɗa

Maganin gini mai faɗuwa baya shi ne kada kyamara ta ɗaga kai, wanda ke nufin ja da baya. Nawa? Babban lensin yawancin wayoyi, idan an riƙe wayar a kwance kuma daidai, yana ganin tsayin da ya kai kusan rabin nisanka da ginin, daga saitin hannunka zuwa sama. Idan a tsaye ka riƙe ta, kusan kashi biyu cikin uku. Ginin da ya ɗara ka da mita 20 yana son ka ja baya mita 40 a kwance, ko mita 30 a tsaye. Da lensin 18-55 na Canon a kan 18, wato inda ya fi faɗin gani, lissafin ya ɗan fi tsauri: kusan mita 49 a kwance, 32 a tsaye. Rabin hoton na ƙasa zai cika da kwalta ko ciyawa, sai a datse daga baya, ko a sami abin da zai cike wurin. A lungunan cikin birni inda babu wurin ja da baya, a nemi tudu ko bene a hau. Idan duk babu, a ɗaga kan sosai yadda kowa zai gane da niyya aka yi, a tabbatar layin tsakiya na tsaye. Ɗan ɗagawa kaɗan shi ne ke kama da kuskure.

Maɓallin 0.5 na waya yana jan hankali a irin wannan matsi, amma lensi mai faɗin gani yana ƙara fito da karkatar ɗaga kai da ta kaikaice, kuma yana iya lanƙwasa layukan gefe kamar cikin tulu. Da shi, gefen hoto ba wurin auna komai ba ne.

Masu sayar da ɗinkin hannu na Zariya ta WhatsApp da Instagram, da ɗaliban da ke ɗaukar takardu ko zanensu, matsalarsu daga sama take. An shimfiɗa babbar riga a tabarma, mai waya ya tsaya ta wajen ƙafa ya miƙa hannu, sai gindin rigar ya yi faɗi, wuya ya tsuke, aska takwas ta fito a gurguje. Dole bayan wayar ya kalli ƙasa daidai, a saman tsakiyar rigar. iPhone tana nuna alamun giciye biyu, fari da ruwan ɗorawa, idan an kifa ta. Su haɗe su zama ɗaya, an daidaita. Wanda wayarsa ba ta da wannan ya ajiye ƙaramin madubi a tsakiyar kayan: idan ya ga idon kyamarar a cikin madubin, kuma madubin yana tsakiyar raga, to wayar da shimfiɗar sun yi daidai, sai a janye madubin a ɗauka. Dabarar tana aiki har ga zanen da ke jingine a bango, inda lebul ba zai taimaka ba. A hau kujera a yi amfani da zum na 2 ya fi a matso kusa. Wani abin haushi: wayar da aka kifa ba ta san tsaye ko kwance ake nufi ba, shi ya sa hoton takarda kan fito a juye. A fara riƙe ta a gaban fuska yadda ake son hoton, sannan a sunkuyar da ita a hankali.

Kuɗin gyara daga baya

Za a ce ai manhajar Snapseed ko Lightroom na miƙar da hoto cikin daƙiƙa. Gaskiya ne, amma ba kyauta ba. Juya hoto na tilasta datse gefuna huɗu. A hoton kyamara mai siffar 3 da 2, wato faɗi kashi 3 tsayi kashi 2, gyaran digiri 1 na cin kusan kashi 5 cikin 100 na hoton, digiri 2 kusan kashi 10, digiri 3 kashi 14, digiri 5 kuwa ya haura kashi 20. Hoto mai megafiksel 24 ya koma ƙasa da 21 a digiri 3. Fiksel ɗin ba su ne abin kuka ba. Abin kuka shi ne hoton taron ɗaurin aure ko saukar karatu da aka cika shi maƙil, wanda gyaran zai yanke kafaɗar kawun ango a gefe ɗaya da hular liman a ɗayan. Don haka a hoton taro a bar sarari kamar faɗin mutum guda a kowane gefe, kuma kada a daidaita da layin kawuna, tunda tsayin mutane ba ɗaya ba, filin ma yana iya gangarawa. Gyaran ɗaga kai ya fi wannan tsada, domin manhajar jan saman hoton take yi tana buɗa shi, fuskokin da ke can su yi faɗi.

A bidiyo abin ya fi ciwo, don siffar 16 da 9 ta fi tsawo: digiri 3 na cin kusan kashi 16. Kuma akwai tarkon da ke kama masu ɗora kyamara a kan ƙafa uku. An kafa ƙafafun a ƙasa mai gangara, an gyara kan da ke sama har lebul ya yi kore, an fara ɗauka. Da an juya kyamara zuwa hagu sai hoton ya fara kwanciya, a dawo dama ya kwanta ɗaya gefen. Sababin shi ne gindin da kan ke juyawa a kai bai daidaita ba. Ƙwayar iskar da ke kafaɗar ƙafafun ita ake fara kai wa tsakiya, ta hanyar rage ko ƙara tsawon ƙafa ɗaya-ɗaya, sannan a taɓa kan. A fara zaro sassan ƙafa masu kauri kafin sirara. A ƙasa mai yashi ko bayan ruwan sama, a danna kowace ƙafa ta zauna tukuna, in ba haka ba za ta nutse a tsakiyar wa'azi. Kafin a danna ɗauka, a juya kyamarar zuwa ƙarshen hagu, a dubi lebul, a kai ta ƙarshen dama, a sake duba. Idan ya canja launi a hanya, a koma kan ƙafafun.